Kwantena ko tirela: wanne ke barin kuɗi a aljihun direba?

Assalamu alaikum Malam. Ni direban tirela ne a Kano, ina da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, mahaifiyata kuma tana hannuna, tana fama da hawan jini da ciwon ƙafa. Motar wani Alhaji nake ja. Tun ina yaron mota nake gidansa, shi ya yankar mini lasisi, shi ya tsaya mini a aurena. Muna ɗaukar hatsi daga Dawanau, wani lokaci albasa, mu kai Legas ko Ibadan, mu dawo da abin da Allah ya hore, siminti ko taki ko kayan masarufi. Ba ni da tsayayyen albashi, kowane sahu ne yake ba ni kasona. In kasuwa ta buɗe a samu, in damina ta yi nisa sai mota ta yi mako biyu a fake. Yanzu wani abokina da muka taso tare a tasha yana jan kwantena a wani kamfani a Legas. Ya ce suna neman direbobi, akwai albashi duk wata da alawus na kowane sahu, kuma wai abin da yake samu ya ninka nawa. Na ga har fili ya saya. Mai ɗakina ta ce ita ba ta yarda ba, in na tafi Legas sai dai a riƙa jin muryata a waya. Ni kuma kuɗin makaranta da maganin Inna sun fara fin ƙarfina, ga kunyar Alhaji ta hana ni ko buɗe baki. Don Allah tsakanin kwantena da tirela wanne ya fi kawo kuɗi? Kuma in na tafi, na ci amanar maigidana?

Direba, daga Kano

Wa alaikumus salam, ɗan'uwana. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa zakkar jiki ce, ya yi maka albarka da kake riƙe da ita. Tambayarka biyu ce, ta kuɗi da ta amana, kuma ina jin ta biyun ce ke hana ka barci ko da yake ta farkon ka sa a gaba. Bari mu fara da kuɗin, don in lissafi ya fito fili sauran maganar za ta yi sauƙin kamawa.

Ban ce abokinka ƙarya yake yi ba. Sai dai ka fi ni sanin halin 'yan tasha. In direba zai ba da labarin samu, watan da ya fi kowane albarka yake ɗaukowa, ba ya tuno watan da ya shafe a layi yana cin bashin mai shayi. Filin ma ba ka sani ba ko adashi ya kwasa, ko gado ne, ko kuwa shi ba ya ɗauke da irin nauyin da ke kanka. Kada ka yi wa rogo kallon kitse tun ba ka taɓa ba.

Gaskiya ne kuɗin da ake biya a ɗauko kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Apapa ko ta Tin Can a Legas zuwa Kano yakan fi wanda ake biya a kan buhunan masara. Amma akwai dalili. Tsakanin Legas da Kano wajen kilomita 1,000 ne. Akwatin nan kuma ba na ɗan kasuwar da ya yi odar kaya ba ne, na kamfanin jiragen ruwa ne. Aro aka ba shi, ya ajiye kuɗin jingina, aka yanka masa kwanakin da zai mayar, in ya wuce kullum tara na hawa kansa. Saboda haka in ka sauke kaya a Sharada ko Bompai ko wani sito na 'yan Kantin Kwari, rabin aiki ka yi. Sai ka juya da fankon akwati, ka sake cin wani kilomita 1,000, gas na ƙonewa, taya na cinyewa, mai kaya na ta bugo waya yana tambayar ina ka kai. Wancan kuɗi mai kauri na zuwa da dawowa ne. Kai kuwa a tirelarka, ka kai wake ko albasa an biya, ka samo siminti a Ibese ko Obajana an sake biya. Wani lokaci akan dace a cika kwantenar da riɗi ko zoɓo ko citta da za a fitar waje, amma wannan sai lokacin kakarsu, kuma sai da sahalewar kamfanin jirgi da takardu. Ba irin lodin da direba ke ƙullawa da ɗan kamasho a bakin titi ba ne. Shi ya sa ma za ka ga wasu 'yan kasuwa sun gwammace a buɗe kwantenar tun a Legas, a juye kayan cikin tirela irin taka, a mayar da akwatin nan take, a huta da tara.

Duk wannan kuma lissafin mai mota ne. Kai da kake direba, komai kaurin kuɗin lodi ba aljihunka yake shiga ba. Abin da ya shafe ka shi ne sahu nawa za ka yi a wata, nawa ake ba ka a kowanne, kuma wa ke ɗaukar nauyin cikinka ranakun da mota ke tsaye. A nan ne aikin kwantena ke da wuyar sha'ani.

Ka san yadda Apapa ta kasance a shekarun baya, lokacin da manyan motoci ke jeruwa a kan gadar Ijora har su taɓo wajen Ojuelegba, direba ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota, yaronsa ya ɗora tukunya a kan risho, a yi mako ana jiran a matsa taku goma. A watan Fabrairun 2021 hukumar tashoshin jiragen ruwa, wato NPA, ta shigo da tsarin Eto, inda ake yi wa mota rajista a manhaja, ta zauna a garejin da aka amince da shi har a kira ta da tikiti. An samu sauƙi, ba a musu. Amma jira bai mutu ba, wuri ya sake. Yanzu a gareji ake yinsa, ana jiran tikiti, ko ana jiran ejan, wato wakilin mai kaya da ke fito da su daga tashar jirgi, ya gama da kwastan, ko kuma ka dawo da fanko a ce wurin ajiya ya cika. Ita kanta hukumar ta sha kokawa da masu cuwa-cuwar tikitin. To in alawus ɗinka a kan sahu yake, kowace rana ta jira daga aljihunka take fita. Mu ɗauka, a misali kawai, a kwantena ana ba ka naira uku a sahu, a tirela naira biyu. In kwantena sahu biyu ta bari ka yi a wata, tirela kuma zuwa da dawowa ya ba ka lodi huɗu, ka ga shida ce da takwas. Albashin wata da abokinka ya ambata shi ne zai iya cike wannan giɓi, kuma shi ne ainihin abin da ya kamata ka bincika, fiye da alawus ɗin da ya fi daɗin faɗa.

Akwai kuma nauyin da ke kan wuyan mai jan kwantena wanda ba ka saba da shi ba. A tirelarka kana tsaye ake lodi, kana ƙirga buhu, in siminti ne ka san 600 tan 30 ke nan, ka ga yadda aka jera, ka ɗaure tamfol da hannunka. Kwantena a rufe za a ɗora maka ita da hatimi a ƙofa, ba ka san ko an tara nauyin a gefe guda ba sai ka shiga kwana ka ji mota na rinjaya. Mai tsawon ƙafa 40 in an cika ta takan kai wajen tan 30, ga tsawo, ga hanyar Bida zuwa Lambata da ka san yadda ramukanta ke jijjiga mota. Direban kirki kafin ya tayar da inji sai ya zagaya kusurwa huɗu ya murɗa makullan da ke riƙe akwatin da falat ɗin, ya tabbata kowanne ya kama, ya duba lambar hatimi ta yi daidai da ta takarda. Wanda ya yi ganganci da wannan, ka tuna abin da ya faru a gadar Ojuelegba a Janairun 2023, da kwantena ta faɗo kan motar haya mutum 9 suka rasu. In irin haka ta faru, direba ake fara kamawa. Haka nan a shingen kwastan, in takardun kaya suka samu matsala, laifin na mai kaya ne ko na ejan, amma kai da motar za a tsare.

Kada ka ce na kushe kwantena na wanke tirela. Ita ma da nata. Kai da kanka ka ce in damina ta yi nisa mota na yin mako biyu a fake, kuma a wannan mako biyun ba ka da ko sisi. Kayan gwari irin albasa da tumatir, in mota ta lalace a Mokwa ko Jebba kwana biyu, kafin ka isa kasuwar Mile 12 a Legas an fara rigimar wa zai biya asara. Ga 'yan kamasho, ga masu karɓar haraji da sanda a kowace ƙaramar hukuma, ga lokutan da rikici ke rufe hanya, kamar yadda aka yi a farkon 2021 bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, da 'yan kasuwar abinci da dabbobi suka dakatar da kai kaya Kudu. Kuma tun da gas ya haura naira 1,000 a lita a 2023, masu motoci da yawa sun matse hannu a kan abin da suke ba direba.

Wani abu da direbobin tirela ba sa sawa a lissafi in suna kwatanta samunsu da na wani shi ne ƙananan shigo-shigo: 'yan buhunan da ake ɗora maka a sama, ihsanin mai kaya in ka isa da wuri, ragowar kuɗin hanya, buhun gero da Alhaji kan aiko gida da azumi. A kamfani, mota na da na'urar da ke nuna inda take, gas a aune yake, akwati a kulle, babu wurin ɗora ko kwando. Don haka ka lissafa waɗannan a ɓangaren tirela. Amma in cikin shigo-shigon akwai ɗaukar fasinja a kan kaya, wannan ka cire shi daga lissafi, ka kuma daina. Jami'an kiyaye haɗurra sun hana, kuma ka ga gawarwakin da ake jerawa a bakin titi in irin motar nan ta kife. Rarar gas ma, in Alhaji ya ce abin da ya ragu naka ne, halal ɗinka ne. In bai faɗa ba, ka tambaye shi ya faɗa da bakinsa.

Ga abin da nake so ka yi. Ka sayi ƙaramin littafi, ka zauna da mai ɗakinka ku tuno wata shida da suka wuce, har da watannin da mota ta kwanta. Kowane wata ku rubuta abin da ya shigo hannunka daga kowace kafa, ku cire abin da ka ci a hanya, ku ga abin da ya iso gida. Ku raba shi shida. Wannan adadin shi ne samunka na gaskiya. Sannan ka kira abokinka, ba a gaban mutane ba, ka ce don zumunci ya gaya maka abin da ya aiko gida a watansa mafi muni cikin shekarar nan, da sahu nawa ya yi a watan. In ya yi ta kewaye-kewaye, ka samu amsarka.

Ka kuma tambaye shi wane irin aikin kwantena ne, don iri biyu ne kuma ba su haɗu ba. Akwai na cikin Legas, daga tashar jiragen ruwa zuwa sito ko masana'antu a Ikeja, Agbara ko Sagamu, har da sabuwar tashar Lekki da ta fara aiki a 2023. Wannan zama Legas ne sosai. Ko dai ka kama ɗaki, ko ka mayar da kan mota ɗakinka, kuma ko ta yaya tukunya biyu za ka riƙa ɗorawa, ɗaya a can ɗaya a Kano. Abin da ya ninka a baki, in aka cire haya da abincin saye da kuɗin motar zuwa ganin gida, sau da yawa sai ka ga ya dawo kusa da inda ka baro. Akwai kuma na dogon zango, Legas zuwa Kaduna ko Kano, wanda hanyar da ka riga ka haddace ce, kuma kowane sahu zai kawo ka ƙofar gida. In na biyun ne, maganar ta fi ƙarfi ƙwarai.

In har ta kai ka gaban manajan kamfanin, kada kunya ta hana ka tambaya. Albashin nan ana biya ko mota na gareji wajen bakanike? In an wuce kwanakin sahu saboda layi ko kwastan, akwai kuɗin abinci na kowace rana? In taya ta fashe, ko aka ci tarar jinkirin mayar da fanko, daga albashin direba ake cirewa? Wa ke biyan yaron mota? Ka nemi a rubuta maka. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ce a cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa. Kamfanin da ke da ma'aikata 15 ko fiye, dokar fansho ta 2014 ta ɗora masa zuba kashi 10 cikin ɗari, kai kuma a cire maka kashi 8, kuma akwai asusun NSITF da ke biyan diyya in ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki. Wannan shi ne babban abin da kamfani na gaskiya ya fi gidan Alhaji da shi, ga mai 'ya'ya huɗu da ke kwana a kan titi. In kuwa ka tarar "kamfanin" mutum ɗaya ne mai mota uku da ofis a cikin wayarsa, to ubangida ka canza kawai, ka bar wanda ya san mahaifiyarka ka koma wa wanda bai san sunan unguwarku ba.

Yanzu maganar Alhaji. Neman ƙarin abin da za ka riƙe iyali ba cin amana ba ne. Cin amana shi ne ka ajiye masa mota a Ogere da kayan mutane ka kashe waya, ko ya ji labarin tafiyarka a bakin 'yan tasha. Mutumin da ya ɗauke ka daga yaron mota ya kai ka kan sitiyari ya cancanci ya ji damuwarka daga bakinka, kuma ina zargin bai ma san maganin Inna ya kai inda ya kai ba, tunda kai mai kunya ne. Ka same shi a gida bayan sallar isha'i, ba a gareji cikin yara ba. In bakinka ba zai iya ba, ka tafi da wani dattijo da yake jin nauyinsa. Ka fara da godiya, ka faɗi halin da gida ke ciki da adadi, sannan ka roƙi abu takamaimai: ɗan tsayayyen abu duk wata ko mota ta fita ko ba ta fita ba, ko ƙarin kaso a lodin dawowa in kai ka samo shi. Ka tuna shi ma gas da taya da kayan gyara suna cinsa, don haka kada ka je da fuskar mai bin bashi. Direba mai amana da ba ya shaye-shaye, ba ya sayar da gas, ba ya kifar da mota, ba a samunsa a banza, kuma Alhaji ya fi kowa sanin haka. In ya ce ba zai iya ba, sai ka nemi izininsa da albarkarsa, ka ba shi wa'adin da zai samu wani, ka miƙa mota da takardunta da jak da safaya cif. Ko don kanka ma ka rabu da shi lafiya, domin kamfanonin nan ba sa miƙa mota da kayan miliyoyi sai da mai tsaya wa direba, kuma ban ga wanda zai sa maka hannu da ya fi shi ba.

Mai ɗakinka kuwa, kada ka ɗauki maganarta a matsayin ƙorafin mata. Ita ce za ta kwana da Inna in jininta ya hau da tsakar dare, ita ce za ta ji da yara huɗu. Da ta ce sai dai a ji muryarka a waya, nauyin da za ka bar mata take aunawa. Shi ya sa na ce ku yi lissafin littafin tare. In ta ga adadin da idonta, ko dai ta gane dalilinka, ko kai ka gane nata. In tafiyar ta tabbata, ku yanke tun yanzu nawa za ka riƙa turowa da ranar turowa, wane ɗan'uwa ne zai riƙa kai Inna asibiti, kuma duk bayan mako nawa za a gan ka. Inna ma a gaya mata kafin a gama shiri, kada ta ji daga baya.

In ka tambaye ni inda na karkata, ga shi. Aikin cikin Legas, a halin da gidanka ke ciki, ban ba ka shawarar karɓa ba, sai in bayan cire kuɗin zaman can abin da zai iso Kano ya fi na yanzu da tazara mai yawa, kuma a rubuce. Na dogon zango mai albashin da ba ya tsayawa in mota ta tsaya, wannan ya cancanci ka gwada, bayan ka ba Alhaji damar ya gyara maka. Kuma kafin ka ɗauki jaka zuwa Legas, ka leƙa kusa da gida. Akwai tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki da aka buɗe a Janairun 2023, akwai ta Kaduna tun 2018, akwai kuma masu fitar da riɗi da zoɓo a Dawanau da ke hulɗa da masu motocin kwantena mazauna Kano. In kwantenar ce ta kwanta maka a rai, mai yiwuwa ka same ta ba tare da ka ƙaura ba.

Ka yi istihara. Ka duba lasisinka ajin G ne, wato na jan tirela, kuma bai ƙare ba, don shi za a fara tambayarka. Sannan lokacin da motar Alhaji ta kwanta a daminar nan, ka nemi izininsa ka bi abokinka sahu ɗaya cikakke, tun daga jiran tikiti a gareji har mayar da fanko, kana rubuta kwanakin da abin da kuka kashe a littafin nan naka.